Audugar Mata a Gaban Suruki

Ina da magana a kanmu mu mazan ƙasar Gumel, kuma zan faɗe ta ko da 'yan majalisa za su daina miƙo mini shayi: mun iya shirin suna, ba mu iya shirin haihuwa ba. Ka bi ɗayanmu kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka sha kallo. Zai shiga kara ya buɗe bakin rago ya ƙirga haƙora, ya matsa gadon baya, ya ɗaga jela, ya gaya maka wannan Balami ne, wancan Uda ne daga ƙasar Damagaram, na can kuwa ɗan gida ne da aka ɗura wa dusa da ruwa jiya da dare. Ya san canjin sefa na safiyar nan. Ya san yadda rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya tayar da farashi, ya san yadda abin ya kasance da aka buɗe a Maris ɗin 2024. Zai yi sa'a guda yana ja-in-ja da dillali a kan la'ada, muryarsa har tashar mota. To, wannan gwarzon dai, ka tambaye shi watan cikin matarsa nawa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Suna nan dai." Ka miƙa masa takardar da malamar awo ta rubuto, sai gwiwarsa ta yi sanyi. Abin da ke cikinta bai kai kuɗin ƙafar ragon ba: safar hannu, sabuwar reza, sabulu, Dettol, leda ta shimfiɗa, man shafa cibiya, pampas, da audugar mata ta masu haihuwa. A wannan ta ƙarshen jarumta take ƙarewa.

Abin yakan tafi ne a kan tsari guda, har na kusa cewa gado muke yi. Takarda za ta kwana a aljihun gaba, ta koma cikin hula, ta sha zufa har rubutun ya fara gogewa. Da uwargida ta ce ta fara jin bayanta, sai mutum ya yanke shawara irin ta masu hikima: zai je kemis ɗin da ba a san shi ba. Mutumin Danzomo ya hau babur ya taho Gumel, mutumin Gumel ya zarce Maigatari, na Gagarawa ya tsallake kemis uku a kan hanyarsa don ya isa na huɗu. Ya zaɓi tsakanin magariba da isha, ya ja hula ta rufe gira, ya miƙa takarda bai ce uffan ba. Abin da lissafinsa bai hango ba shi ne, kemis ɗin da ya yi nisa da unguwarku yana kusa da unguwar wasu, kuma yawancinmu daga unguwar wasu muka auro. Yaron kanti ya karɓa, ya matsa ƙarƙashin ƙwan lantarki, ya fara karantawa da ƙarfi saboda janareto na ƙara. Ya ɗora sabulu, ya ɗora reza, sannan ya juya ya ƙwala wa mai kanti kira a ciki: "Oga, audugar mata ta masu haihuwa, babbar ko ƙaramar?" Kafin oga ya amsa, ya ɗauko babbar ya danƙa a hannun mai saye. A daidai nan wata murya da mutum ya sani tun ranar ɗaurin aure take yin sallama a bayansa. Suruki ne, ya zo sayen maganin ciwon gwiwa.

Mu tsaya a nan, domin duk hujjata tana cikin wannan minti biyu. Tarbiyya ta ce a durƙusa wa suruki. Amma hannu biyu suna rungume da ƙunshi mai girman matashin kai, ga hotonsa a jiki, ga rubutu da manyan baƙaƙe. In ya durƙusa da shi, ya zama ya miƙa wa Baba shi. In ya ajiye a kanta, yaron zai sake turo masa ya ce, "Yallaɓai ka manta kayanka." Aljihu ba ya ɗauka, babbar riga an bar ta a gida saboda babur. Sai ya yi wata irin rusunawa da ba ta cikin littafin kowa, rabi tsaye rabi tsugune, ƙunshin a ƙarƙashin haɓa, ya ce, "Baba, barka da dare." Baba ya ce, "Yawwa, barka kadai. Ya mutanen gidan?" Amsar tambayar kuwa tana rungume a ƙirjinsa, kowa yana gani. Ya ce, "Lafiya lau suke." Baba ya ɗaga kai ya shiga nazarin fankar sama, wadda ba ta juyawa tun bara. Shi kuma ya dasa ido a kan kwalin maganin tari yana karanta adireshin kamfani a Indiya. Yaron kanti, wanda Allah bai ba shi rabon fahimtar irin wannan shiru ba, ya ce, "Baƙar leda ta ƙare, sai fara." Sannan don kyautatawa ya ƙara da cewa, "Haihuwar fari ce ko? To ka ƙara guda, ɗaya ba ta isa." Ga maza biyu, duk duniya ba wanda ya kai su son matar nan ta sauka lafiya, ɗaya ya haife ta ɗaya ya aure ta, kowanne yana iya ƙoƙarinsa ya nuna bai san da zamanta ba.

Ba a taɓa yin wannan taro ba tare da na uku ba. Kowane kemis yana da benci, kowane benci yana da dattijon da bai zo sayen komai ba, kuma ni a duk sha'anin nan shi ne wanda na fi ƙauna. Yakan gyara zama ya ce, "Samari, ai da ka sani ƙaninka ka turo." Shawara ce mai kyau, ta makara da minti ɗaya kacal. Da ya ga ba ta yi aiki ba, sai ya rage murya yadda har mai shayin tsallaken titi zai ji, ya ce, "Ka ce ta maƙwabta ce." Yanzu Baba, wanda ɗazu matsalarsa ɗaya ce, ya samu ta biyu: me ya haɗa mijin 'yarsa da audugar matar maƙwabci? Dattijo bai gama ba. Zai bayyana cewa a zamaninsu tsohon zani ake yagawa kuma ba wanda ya mutu. Zai hana a ba ta ƙwai kada yaro ya tashi da ɗauke-ɗauke, ya hana ta rake da shayi mai sukari saboda zaƙi, ya ce a soka mata ƙusa a kitso in za ta fita da almuru. Zai kalli launin ƙunshin ya yanke hukunci cewa namiji za a haifa. Zai ce cibiya kuwa a bar wa kasko da man goge baki. A ƙarshe ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurinsa: "Rago dai ka tanada ko?" Abin mamaki, a nan muryar mutuminmu take dawowa. Ya miƙe tsaye, auduga a hammata, ya fara bayanin Balamin da ya ɗaure tun watan jiya da irin harawar da yake ci. Har Baba yakan sauke ido daga fanka ya sa baki a kan farashi. Maganar rago ta ceci kowa, kuma wannan cetowar ita ce abin da nake ƙara a kai.

Dalilina shi ne rago aikinsa sai rana ta bakwai, takardar malamar awo kuwa aikinta daren farko, kuma a daren farko ake rasa mata. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ne ke rasuwa a kan kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma haihuwar da aka yi a asibiti ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka nuna cewa jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a tsakar gida da kan hanya suke faruwa, wato a hannun mai gida. Zubar jini bayan haihuwa tana iya gamawa da mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Jijjiga takan yi sallama tun da wuri da hawan jini, da kumburin fuska, da ciwon kai mai tsanani, kuma abin da ake nema ke nan a wurin awo, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwan daga huɗu zuwa takwas a 2016. A can ake ba da ƙwayar ƙarin jini, da Fansida ta kariya daga zazzaɓin sauro, da allurar tsinkau-tsinkau. Naƙudar da ta daɗe a ɗaki ita ke haifar da yoyon fitsari, wanda ƙungiyar likitocin MSF take yi wa aiki a Jahun tun 2008. Mutumin da ba zai iya furta sunan auduga a gaban yaron kanti ba, yaya zai buga ƙofar direba ƙarfe biyun dare ya ce matarsa tana zubar da jini?

Za a ce mini wannan aikin mata ne, akwai uwar miji, akwai yayye, akwai ungozoma, me ya kai namiji kemis? Na yarda mata sun fi mu iya sayen auduga, kuma ba sa duban fanka in suna yi. Sai dai a yawancin gidajenmu abubuwa huɗu ba sa hannunsu: izinin fita, kuɗi, abin hawa, da jini. In naƙuda ta tashi a wani ƙauye na Sule Tankarkar ko bayan Bosuwa, inda yashi ke riƙe tayar mota da rani, ruwa kuma ya yanke hanya da damina, uwar miji ba za ta ɗaura wa shanu amalanke ba, ba kuma za ta bar gidan da matar ɗanta ba sai an ji daga bakinsa, shi kuma yana iya kasancewa a gonar riɗi ko ya tafi ci-rani. Jihar Jigawa ta yi shirin Haihuwa Lafiya domin kai masu naƙuda asibiti daga karkara, direbobin ƙungiyar NURTW ma sun yi aikin sa kai na ɗaukar irin waɗannan mata. Duk wannan ba ya amfani in lambar direban ba ta cikin wayar mai gida, ko bai bar izini a buɗe ba cewa ko ba ya nan a tafi. Haka nan in likita ya ce ana bukatar leda biyu ta jini, ba surukuwa mai shekara sittin da biyar za a kwantar ba. Shi ne da ƙannensa da 'yan majalisar nan masu shan shayi, kuma gara a san rukunin jinin kowa tun ciki yana wata bakwai. Zuwa kemis gwaji ne kawai, mafi sauƙi a cikin jarrabawar.

Za a kuma ce kunya adonmu ce, ni kuma ina neman in tuɓe mana ita. Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa. Kunyar ɗan fari tsohuwar ɗabi'a ce. Littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta fitar a 1954 ya nuna yadda iyaye a ƙasar Zazzau suke kauce wa ɗansu na fari da kiran sunansa, kuma har yau akwai wannan a gidajenmu. Amma kakanninmu da suka ɗora wa miji kunya sun yi mata tanadi. Sun yi goyon ciki: in cikin fari ya tsufa, yarinya ta koma gaban uwarta, a can za ta haihu ta yi wanka. Miji yana iya yin kamar bai sani ba domin akwai wadda ta sani, tana kwana ɗaki guda da ita. Yau malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma yana haya a Gumel shi da matarsa su biyu, uwarta tana Gagarawa ko Kano, sai dai waya. Tanadin ya tafi, kunyar ta zauna. Ku sake duban minti biyun nan ta idon Baba. Me ya gani kafin ya koma kan fanka? Ya ga yaron da ya ba 'yarsa ya hau babur da dare ya zo saya mata abin da za ta bukata. Ba zai taɓa faɗa ba, ko ga matarsa sai dai ya ce, "Na haɗu da yaron nan a hanya." Amma ban yarda akwai uban da ya koma gida da baƙin cikin wannan ganin ba. Malamanmu da suka koya mana kunya su ne suka koya mana cewa ɗawainiyar mace tana wuyan mijinta, kuma ban ji inda suka cire auduga daga ciki ba.

Akwai masu cewa ai a Jigawa haihuwa kyauta ce, me ya sa mutum zai wahalar da kansa? Gaskiya ne gwamnatin jiha ta daɗe da sanar da kula da masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocinta, kuma wanda ya ƙi kai matarsa awo da sunan tsada ya nemi wani uzurin. Amma kyautar daga ƙofar asibiti take farawa. Man da zai kai ku ƙofar ba kyauta ba ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ya san abin da shatar mota da dare take ci. Kayan da aka raba da safe suna iya ƙarewa kafin dare ya raba, kemis kuwa ya rufe, yaron nan mai babbar murya yana barci. Malamar da ta rubuta takardar ta san wannan, shi ya sa ta rubuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya iya ware kuɗin goro da dabino da ɗinkin fitar suna tun ciki yana wata biyar zai iya ware kuɗin mota a ƙulle a wuri guda, ya gaya wa matarsa inda suke.

Hujjar da ta fi ba ni dariya ita ce ta masu cewa ba kyau a sayi kayan haihuwa tun ba a haihu ba, kada a jawo ido, ciki sirri ne. Wane sirri? Mutumin da ke ɓoye auduga shi ne ya sa aka sauke masa amalanke guda na itacen wankan jego a ƙofar gida, ya ari babbar tukunya, ya sayo kanwa, ya ɗaure ragon da ke tashin unguwa da kuka tun asuba. Yaran layi ma sun san watan da ake ciki. Abin da ya tanada a fili kuwa shi ne wanda likitoci suka yi gargaɗi a kansa: tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da zafin wanka mai tsanani, da kwanciya a gadon wuta, da yawan kunun kanwa. Abin da ya ɓoye, sabuwar reza da man kuloheksidin na cibiya, shi ne ke tsare jariri daga cutar da kasko da man goge baki suke jawowa. Dattijon benci ya ce a zamaninsu ba wanda ya mutu, kuma ya faɗi iya abin da ya gani, domin waɗanda suka rayu ne kaɗai suke zama a benci. Ka tambayi tsofaffin mata a gidan barka, su za su lissafo maka sunayen waɗanda suka tafi da ciki, ɗaya bayan ɗaya, da unguwarsu.

Saboda haka hukuncina shi ne a shanye kunyar, domin ita ce abu mafi araha a duk takardar. Ba na yi wa kowa alkawarin za ta zo da sauƙi. Yawanci bayan an gama maganar rago, an saka kaya a farar ledar da ke nuna komai, mutum ya juya zai tsere, sai yaron kanti ya ce babu canji, a ɗan jira ya je wurin mai shayi. Sai a koma tsayuwa, Baba a dama, dattijo a hagu, leda a tsakiya. Dattijo ya leƙa ciki ya ce wannan rezar ba ta kai ta da kaifi ba. Baba ya gama da fanka ya koma kalandar bango ta shekarar da ta wuce. In Allah ya so ƙarin jarrabawa, waya ta yi ƙara a aljihu, hannu ba sarari, dattijo ya taimaka ya zaro ya danna, muryar uwargida ta fito a sifika tana cewa, "Ka ce masa mai kaurin, kada ya ba ka irin ta wata-wata." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba wanda aka taɓa kwantarwa a asibiti saboda wannan, ba auren da ya mutu a kansa, kuma ranar suna Baba zai zo ya ci naman Balamin kamar ba a yi ba. Don haka ɗan'uwa, ka raka ta awo ko sau ɗaya, ka ajiye lambar direba, ka san rukunin jininka, ka sayi kayan kafin wata na takwas a kemis ɗin unguwarku. Ka tafi da canji, ka kuma tafi da baƙar ledarka.